Solar Taubashina da Tagogin da Ban Rufe Ba

Shekara huɗu na yi ina aiki da kwamfutar ofishinmu ban taɓa kashe ta da hannuna ba. Ba ganganci ba ne, wuta ce ba ta taɓa ba ni dama ba. Ina tsakiyar aiki za a ɗauke, ko man janareta ya ƙare, allon ya yi baƙi ƙirin, in yi salati, in ɗauki hulata in tafi cin abinci. Haka muka saba ni da ita, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba.

Ofishin na ƙungiyar masu noman rani ne a Talata Mafara, ɗaki biyu da baranda, ba nisa da tasha. Ni ne magatakarda. Kafin nan malamin lissafi ne ni a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, sai ƙungiya ta nemi wanda ya san kan kwamfuta, aka ce ga wani can mai yawan surutu, aka ɗauko ni. Babban aikina shi ne jadawalin ruwa. Ruwan dam ba ya isar kowa a lokaci guda, don haka kowane ƙauye da ranakunsa, kowane manomi da sa'arsa a kan kwatar da ta ratsa gonarsa. Ranar Talata, ranar kasuwa, wakilan ƙauyuka daga yankin Bakura da na Maradun za su shigo gari, su sayar da abin da suka kawo, su biyo ta ofis kowa ya karɓi takardar ƙauyensa ta wannan makon. Abin da takarda ta ce shi ne doka a bakin kwata.

Da hannu ake rubuta takardun nan kafin in zo. Ni na zauna na koya wa kaina yadda za a sa na'ura ta yi. Manhaja biyu nake amfani da su. Ɗaya rumbun bayanai ce, a cikinta sunan kowa yake, da gonarsa, da kwatarsa. Ɗaya kuma ta jadawali ce, mai layi-layi da gida-gida, wadda muke kira Mai-kore saboda launin tambarinta. Sai na rubuta layukan umarni a cikin rumbun, na ce da shi: kira Mai-kore, buɗe mata takardar ƙauye kaza, zuba sunaye da sa'o'i, adana, wuce ƙauye na gaba. Na ƙara da layi guda da na fi alfahari da shi, wanda ya ce Mai-kore ta ɓoye fuskarta, ta yi aikinta a bayan fage, kada ta riƙa walƙiya a allo tana ɗauke wa mutum hankali. Maɓalli ɗaya nake dannawa. Kafin shayina ya huce takardun ƙauye tara sun haɗu. Wallahi ranar da abin ya fara aiki sai da na zagaya teburin sau biyu ni kaɗai, ina tafa hannu kamar mahaukaci sabon kamu.

To, akwai taubashina. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi, wata bakwai ya ba ni. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna cin ƙasa nake ce masa bawana, shi kuma ya ce ai bawa ba ya ciyar da ubangijinsa, ga shi kullum a kwanon uwarsa nake. Ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba. In mun haɗu a hanya, da zagi muke buɗe baki, ko a gaban wa, mutane su yi dariya su wuce, don kowa ya san wasan taubasai. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma gyaran waya, daga baya ya je ya koyo haɗa sola. Hannunsa na da kyau, wannan ko a bayan idonsa ina faɗa, a gabansa ne dai ba zan faɗa ba.

Da ƙungiya ta yanke shawarar sa sola a ofis, ni na kai sunansa. Shugabanmu, wani Alhaji dattijo mutumin Bakura, mai magana ɗaya, ya tambaye ni ko na tsaya masa. Na ce na tsaya. Taubashina ya zo da tsaninsa da jakar kayansa, kwana uku yana kan rufi, ni ina ƙasa ina ce masa ya yi a hankali kada ya huda mana kwano da ƙaton kansa. Rana ta uku da la'asar ya sauko, ya ɗaga wani maɓalli a jikin inbata, fanka ta fara juyawa. Ba ƙarar janareta, ba warin mai. Na tsaya a ƙarƙashinta na buɗe hannuwa. Shi kuma ya ce, "Bawan Allah bai taɓa ganin iska ba."

Daga ranar wuta ba ta sake ɗaukewa a ofishinmu ba. Na shiga wata irin rayuwa da ban san akwai ta ba. In zan tashi, allon kawai nake kashewa, in bar kwamfutar tana numfashinta, da safe in tarar da komai inda na bar shi. Ina danna maɓallina sau biyar, sau goma a rana, da dalili da ba dalili. Wani ya zo ya ce an canza masa kwata, in gyara, in danna. Baƙo ya shigo, in danna don ya gani. Mai ɗakina ta ce tunda aka sa solar nan na fi son ofis da gida, kuma ban musa ba.

A mako na biyu abu ya fara lalacewa. Kwamfutar ta soma nauyi. In taɓa ta, sai ta yi tunani tukuna kafin ta amsa. Sannan ta fara fito mini da wani saƙo mai ban haushi: wai takardar ƙauye kaza wani yana amfani da ita, ba za a iya adanawa a kanta ba. Wane wani? Ni kaɗai ne a ɗakin, kwamfutar kuma ba a haɗe take da ta kowa ba. Nakan ture saƙon in sake dannawa. Abin da ban lura ba shi ne, duk takardar da ta ƙi adanuwa, tsohuwar ce ke zaune a wurinta. Ranar Talata na buga duka na raba. Ƙauye biyu na yankin Maradun suka tafi da jadawalin makon jiya.

Da hantsin Alhamis mutum biyu suka haɗu a bakin kwata ɗaya, kowa da takarda a hannu mai hatimin ofis, kowa takardarsa ta ce ruwa nasa ne. Ɗaya albasarsa ta kwana huɗu ba ruwa. An ɗaga murya, an ɗaga fartanya, Allah dai ya kiyaye aka raba su.

Talatar da ta biyo baya baranda ta cika. Alhaji yana kan kujera, wakilai suna kan benci, ana ta mayar da magana. Ni ina ciki ina fama da kwamfutar da ta ƙi motsi, gumi na keto mini duk da fanka. Sai ga taubashina ya leƙo, ya zo kasuwa ya ce bari ya duba batiransa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malamin takarda, yau kuma wa ka haɗa faɗa?"

Ni kuma bakina ya riga hankalina. Da ƙarfi na ce, "Kai dai ka zo ka kwashe tarkacenka. Tunda ka sa mana wutar nan taka ta bogi kwamfutata ta haukace."

Ya yi dariya, na yi dariya. Mu biyu kaɗai muka yi. Da na ɗaga kai na ga Alhaji yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Malam, tun yaushe abin ga ya fara?" Na ce mako na biyu da sa sola. Ya ce, "Kafin nan fa?" Na ce shekara huɗu lafiya lau. Gaskiya na faɗa, amma ina faɗa ina jin tana zama wani abu daban a kunnuwan mutane. Na yi saurin cewa ai wasa nake yi, taubashina ne. Wani wakili ya ce, "To ai shi ya sa. In ɗan'uwanshi ma ya faɗi, mu mi za mu ce?"

Alhaji mutum ne mai son hujja. Ya ce a gwada. A cire kwamfutar daga sola a mayar da ita kan janareta kwana uku. Aka yi. Janareta ya dawo da halinsa, a kunna da safe, ya mutu da azahar, a sake kunnawa. Kwamfutar ta warke sarai, tana gudu kamar sabuwa, ba saƙo ko ɗaya. Aka mayar da ita kan sola. Ranar farko lafiya, ta biyu lafiya, ta huɗu ta fara jan ƙafa, saƙon ya dawo. Ni kaina a nan na fara yarda. Taubashina ya zo da mitarsa ya auna wuta a gabanmu, ya canza waya, ya canza soket, ya rantse cewa wutarsa ta fi ta gari tsabta. Ba wanda ya ce masa ƙarya yake yi. Kawai dai an ga abin da aka gani.

Aka yanke cewa Talata mai zuwa zai zo ya sauke kayansa, a nemo wani daga Gusau. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma wakilan nan tara sun koma ƙauyukansu da labari, kuma labarin guda ne: solar wane tana lalata na'ura, ɗan'uwansa ne ya faɗa. A lokacin mutanen Dosara sun riga sun yi magana da shi zai sa musu sola a rijiyar burtsatse, aikin da ya daɗe yana mafarkin irinsa, wanda in ya yi kyau duk ƙauyukan yankin za su neme shi. Suka aiko cewa ya ɗan dakata.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na hange shi, na nufe shi da shirin tsokana don in rage nauyin abin. Ya miƙo mini hannu biyu. Ya ce, "Malam, ina wuni. Ina gajiya. Yaya iyali. Yaya aiki. Yaya muka ji da zafi. Madalla. A gaida gida." Ya bi gaisuwar nan tiryan-tiryan har ƙarshenta, kamar yadda ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba, ya saki hannuna ya tafi. Na fi shekara arba'in da saninsa, bai taɓa tambayata iyali ba sai ranar. Na tsaya a wurin, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Litinin da safe na zo ofis in shirya wa saukewar gobe. Na ce bari in cire kwamfutar in ajiye ta gefe kada ƙura ta shige ta. Na kai hannu zan fizge waya, sai na ce a'a, baiwar Allah nan ta sha wahala, bari yau ɗaya in kashe ta yadda masu ita suka ce a riƙa yi. Sai da na ɗan laluba kafin in ga inda ake dannawa. Na danna.

Ba ta mutu ba. Sai ga wata 'yar taga ta ɓullo a tsakiyar allo, da tambarin Mai-kore a kusurwarta, tana tambayata ko ina so a adana canjin da aka yi a takardar wani ƙauye. Ni ban buɗe Mai-kore ba ranar, ban ma buɗe ta ba duk makon. Na ce a'a. Ta tafi, wata ta fito. Takardar wani ƙauyen. Na ce a'a. Wata ta fito. Na janyo kujera na zauna. A ta goma na daina dannawa, don gabana ya fara faɗuwa, irin faɗuwar da yake yi in ɗalibi ya kusa gano amsa a allo kana kallonsa.

Akwai wata taga a kwamfuta da ke nuna duk abin da ke gudana a cikinta, na fili da na ɓoye. Na san da ita, ban dai taɓa samun dalilin leƙa ta ba. Na fasa kashewar, na buɗe ta. Mai-kore, Mai-kore, Mai-kore, tun daga sama har ƙasa, na ja ƙasa, suna nan. Na sa yatsa a allo na ƙirga kamar ɗan aji ɗaya. Sittin da uku, ban da tara ɗin da na sallama. Kowace tana zaune da fuskarta a ɓoye kamar yadda na umarce ta, kowace ta ci nata wurin a cikin na'urar, wasu sun rungume takardun ƙauyuka sun ƙi saki. Ga wanin da ake ce mini yana amfani da takarda.

Na miƙe tsaye. Na zauna. Na sake miƙewa. Na buɗe layukan umarnina na karanta su daga farko, a bayyane, ni kaɗai a ɗaki. Kira ta. Ɓoye ta. Buɗe takarda. Zuba. Adana. Wuce na gaba. Shi ke nan. Babu inda na ce ta rufe takardar. Babu inda na ce ta tafi. Shekara huɗu ina kiran Mai-kore sau tara a kowace dannawa, ban taɓa sallamarta ko sau ɗaya ba. Ɗaukewar wuta ce ke share mini su kullum ban sani ba. Janaretan da nake zagi shi ke rufa mini asiri. Laifin solar taubashina guda ɗaya ne, ba ta ɗaukewa.

Dariya ta kama ni har da hawaye, sannan ta tsaya cak, don na tuna wanda ya biya kuɗin wannan sakarcin nawa da sunansa. Amma hannuna ya riga ya hau aiki, ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na ajiye kwafin tsohon umarnin gefe guda. Na kori sittin da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, na ji fankar cikin kwamfutar ta sassauta. Sannan na gyara. Maimakon in kira sabuwa ga kowane ƙauye, na kira guda ɗaya ta yi duka taran. Bayan kowace takarda na ce a rufe takardar. A ƙarshe na ce Mai-kore ta fita. Bayan nan na saki duk igiyoyin da rumbun ke riƙe da ita da su, daga ƙaramar zuwa babbar: shafi, sannan takarda, sannan ita kanta. Na danna maɓalli, idona a kan tagar nan. Ta bayyana, ta yi aikinta, ta gama.

Ba ta tafi ba. Guda ɗaya ta zauna tana kallona.

Na ce da ita, "Ke kuma wa ya riƙe ki?" Na sake karantawa layi-layi, da biro a hannu. Aka kira azahar, na je na dawo. Sai a karatu na uku na gan shi. A ko'ina in zan taɓa wani gida a cikin jadawali, nakan faɗi cikakken adireshinsa: Mai-koren da na kira, takarda kaza, shafi kaza, gida kaza. A layi guda kaɗai, wanda ke kaurara rubutun kan takarda, na yi ƙiwa na ambaci gidan kawai ban ce na wa ba. Rumbun kuma da bai ji na wa ba, sai ya ɗaura wata igiya tasa da kansa a ɓoye, wadda ba ni da hanyar kwancewa tunda ban san da ita ba. Na cika adireshin. Na rufe komai na sake buɗewa, na danna. Ta zo, ta yi, ta ɓace. Tagar ta zama wayam.

Na buga tebur har biro ya faɗi. Na sake dannawa, ta zo ta tafi. Sau goma sha biyu na yi, ba don shakka ba, don kallon tafiyarta kawai. Daga nan wani tunani ya zo mini: in aiki ya katse a tsakiya fa, misali wata takarda ta ƙi buɗuwa? Na gwada da gangan, na ɓata sunan fayil ɗaya. Umarnin ya yi tuntuɓe ya tsaya, Mai-kore ta maƙale a ciki. Sai na yi wa umarnin ƙofar fita guda ɗaya, na ce ko an gama lafiya ko an yi tuntuɓe, ta nan za a bi, a rufe, a sallama, a saki. Na sake ɓata sunan. Ya yi ƙorafi, amma ya fitar da ita kafin ya tsaya.

A nan shaiɗan ya zo mini da shawara, kuma sai da na saurare shi na ɗan lokaci. Ya ce ai an gyara. Gobe ka ce wa Alhaji abin ya daidaita da kansa, a bar sola, kowa ya huta, ba wanda ya san kai ne. Na auna. Sola za ta zauna, amma a ƙauye tara za a ci gaba da cewa wutar wane sai da ta yi wata guda tana lalata na'ura. Na kulle ofis na hau kabu-kabu zuwa shagon taubashina.

Na same shi yana gyara wata fitila. Ban yi sallama ba ma, na fara zuba. Ina magana ina zana masa a ƙasa da tsinke, ga rumbu, ga Mai-kore, ga sittin da uku. Ya saurara har na gama bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ni na san wutata. Ba ni za ka gaya ma ba."

Talata na riga kowa zuwa. Na mayar da tsohon umarnin, na danna shi sau uku, don a samu abin nunawa. Da baranda ta cika, taubashina ya iso da tsani a kafaɗa, na roƙi Alhaji ya ba ni minti goma kafin a hau rufi. Na juyo da allon ya fuskanci ƙofa, dattawa suka matso, wasu da buhun kasuwa a hannu. Na buɗe musu tagar, na ce a ƙirga tare da ni. Aka ƙirga ashirin da bakwai. Na ce kowace ɗaya daga cikin nan baƙuwa ce da na kira ɗaki na ba ta aiki, ta gama, ban sallame ta ba, na kira wata a kanta, har ɗaki ya cika ba wurin juyawa. Da can masu ɗauke wuta ke kore mini su. Na danna tsohon maɓalli a gabansu, suka zama talatin da shida. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, ga su nan suna ƙaruwa." Na share su duka, na sa sabon umarni, na danna. Suka ga ta zo, suka ga ta tafi. Na sake. Wani ya ce in ƙara, na ƙara. Baranda ta kaure da magana, kowa yana bayyana wa na kusa da shi abin da shi ma yanzu ya gani.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam, a taƙaice. Laihin wa na?"

Na ce, "Nawa ne, Alhaji. Faɗan bakin kwata ma nawa ne. Wutar mutumin nan ba ta da aibi ko ɗaya, kuma maganar da na yi ranar nan wasan taubasai ne da na yi a inda bai kamata ba."

 Alhaji ya juya ga taubashina ya ce ya ajiye tsani, ƙungiya ta ba shi haƙuri. Ya ce da wakilai yadda suka kai waccan magana gida, haka za su kai wannan. Ni zuciyata fari fat, har na fara neman idon taubashina in yi masa gwalo. Sai wakilin Dosara ya yi gyaran murya. Ya ce shi kam zai kai saƙo, amma gaskiya mutanen gari sun gaji da jira, tun ranar Asabar suka kira wani, har ya kafa ƙarafa.

Duk da haka Laraba da sassafe na hau babur na tafi Dosara, don a dawo da wuri, hanyar ba ta son yamma. Na zauna gaban dattawan gari na maimaita komai. Suka saurara da mutunci, suka ce Allah ya saka, suka ce da sun sani. Daga inda nake zaune ina hango faifan sola a kan rijiyar, sababbi, suna ƙyalli, wani mutum da ban sani ba yana ɗaure waya a ƙarƙashinsu.

Da na dawo ban biya gida ba, shagonsa na wuce. Na gaya masa abin da na gani. Ya ci gaba da murza wata ƙaramar ƙusa har ta shiga, ya ajiye sukundireba, ya share hannunsa a riga.

Ya ce, "Tun muna yara kake zagina. Ka ce mani bawa, ka ce mani mai ƙaton kai, ka ce hannuna na ɓarna na. Ban taɓa rasa ko allura ba saboda bakinka sai wanga karo."

Na ce, "Na sani." 

Ya tura mini benci da ƙafa. Na zauna. Ya ce, "Ban ce ka daina ba. In ka daina ma ban san da wa zan yi magana ba. Amma ka riƙa duba wa ke zaune a baranda."